Ji da Gani a Ƙasar Muniyo: Yadda Aka Tattara Tarihin Gure

Gure gari ne da ke gabas da birnin Damagaram, tafiyar kimanin kilomita 160 a kan babbar hanyar da ta nufi Diffa da tafkin Cadi. Yana zaune ne a yankin duwatsun Muniyo, tsakanin tuddan rairayi da kwarurruka inda ake samun dabino da goriba da kanwa. Mangawa su ne tushen jama'ar ƙasar, masu magana da wani kari na harshen Barebari, amma kasuwar garin ta daɗe tana haɗa su da Hausawa da Fulani da Tubawa da Buzaye, ga kuma Dagirawan ƙasar Kutus daga arewa. Duk wanda ya buɗe littafi yana neman tarihin wannan ƙasa zai tarar da sunayen sarakuna, da labarin yaƙe-yaƙe, da ɗan bayani a kan gishiri. Abin da ba safai ake tambaya ba shi ne, ta wace hanya wannan sani ya shiga littafi? Wa ya yi tambaya, wa ya amsa, da wane harshe, kuma a ƙofar gidan wa aka shimfiɗa tabarma?

Masana zaman jama'a sun kasa bincike gida biyu. Akwai binciken ƙirga, wanda ke aiki da lambobi: mutum nawa, shanu nawa, dami nawa aka girbe. Ƙidayar jama'a ta ƙasa baki ɗaya, wadda aka fara yi a Nijar cikin 1977, aka maimaita cikin 1988 da 2001 da 2012, ita ce babban misalinsa. Akwai kuma binciken ji da gani, wanda ba ruwansa da "nawa", tambayarsa "yaya" da "don me". Mai irin wannan bincike yakan zauna cikin mutane, ya kalli abin da suke yi, ya saurari abin da suke faɗa, ya rubuta da kalmominsu, sa'an nan ya gwama maganar wannan da ta wancan. Ƙa'idojinsa kaɗan ne, kuma suna da sauƙin faɗa, wuyarsu a wajen aikatawa take. Ƙasar Muniyo wuri ne mai kyau na ganin haka, domin tun 1851 baƙi ke zuwa suna tambaya, kowa da irin hanyarsa, kuma kowace hanya ta bar tabonta a jikin abin da aka sani yau.

Baƙi biyu a fada ɗaya

Bature na farko da ya bar rubutu a kan Gure shi ne James Richardson, ɗan Ingila, shugaban ayarin da gwamnatin ƙasarsa ta taso daga Tarabulus cikin 1850. A watan Janairu na 1851 ya rabu da abokan tafiyarsa biyu, Jamusawa, watau Heinrich Barth da Adolf Overweg, a ƙasar Damargu. Ya yi makonni a Damagaram, sa'an nan ya nufi gabas, ya sauka Gure a watan Fabrairu, ya yi gaisuwa ga Muniyoma Koso, wanda ya mai da gadon sarauta daga Bune zuwa Gure. Bai kai Kukawa ba: ya rasu a Ngurutuwa ran 4 ga Maris 1851, aka buga littafin tafiyarsa cikin 1853, bayan wani ya gyara rubutun. Barth kuwa, wanda aka sani a ƙasashen nan da suna Abdulkarim, ya bar Kukawa a ƙarshen Nuwamba 1852 zai tafi Tambutu, ya ratsa ƙasar Manga, ya hau duwatsun Muniyo, ya bi ta Bune, ya shiga Gure a watan Disamba, ya gana da wannan Koso ɗin, ya isa Damagaram ran 25 ga watan. Bayaninsa yana cikin littafi na huɗu daga cikin biyar da ya buga a 1857 da 1858.

Ga gari ɗaya, ga sarki ɗaya, ga shaidu biyu da tsakaninsu bai cika shekara biyu ba. Wannan abin so ne ga mai tarihi, domin yana iya aza rubutun wannan a kan na wancan ya ga inda suka dace da inda suka saɓa. Kuma saɓanin yana koyar da abu fiye da dacewar. Richardson mutum ne da ya ba da rayuwarsa ga yaƙi da cinikin bayi, saboda haka duk inda ya sauka idonsa yana kan bayi da dillalansu; kuma yana dogara da tafinta, Yusuf Mukni, wanda ya biyo shi daga arewa. Barth ya yi karatun tarihi da labarin ƙasa a Jami'ar Balin, yana jin Larabci, ya koyi Hausa da Barbarci a hanya, yana iya tsayawa da mai jan raƙumi ko mai sayar da hura ya yi taɗi ba tare da wani a tsakani ba. Shi ya sa rubutunsa ya cika da sunayen garuruwa da rijiyoyi da itatuwa, kuma yakan ba da suna ɗaya da harshe biyu ko uku. A Badamuni, wanda ake ɗauka shi ne Gidimuni na yau, ya lura da tafkuna biyu kusa da juna, ɗaya na kanwa, ɗaya na ruwan daɗi, ya zana su.

Akwai wani ƙaramin abu da masanin harshe ba zai wuce shi ba. Richardson ya kira Koso da kalmar da ke nufin sarki mai cin gashin kansa, irin wadda ake kiran sarkin Istambul da ita. Barth ya fi kiransa da kalmar da ke nufin wakili mai riƙon ƙasa a madadin wani, watau a madadin Shehun Borno da ke Kukawa. Daga baya Faransawa suka sa wa mai wannan sarauta sunan shugaban kanto. Alhali sunan sarautar a bakin masu ita Muniyoma ne, watau sunan ƙasa da ɗafin "-ma" na Barbarci, mai nuna wanda ke riƙe da abu. Wanda ya karanta Richardson kaɗai zai ɗauka Muniyo daula ce. Wanda ya karanta Barth kaɗai zai ɗauka lardi ne. Ba a fagen yaƙi aka yanke wannan hukunci ba, a bakin alƙalamin mai fassara aka yanke shi. Daga nan ƙa'ida ta farko ta fito: a rubuta kalmar mutane yadda suka faɗe ta, fassara ta biyo baya, kada ta maye gurbinta.

Amma duk da ƙwarewar Barth, baƙo ne mai wucewa, kwanakinsa a Gure ƴan kaɗan ne, kuma baƙon sarki ne. Fada ce ta ba shi masauki, fada ce ta aiko da abinci, bafade ne ke raka shi. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Gani ya kori ji, gaskiya ne, amma abin da aka nuna wa mutum shi yake gani. Sai bayan shekara sittin da ɗoriya Bronislaw Malinowski ya yi dogon zama a tsibiran Tirobiriyan, tsakanin 1915 da 1918, ya fito da littafinsa na 1922 wanda ya kafa sharaɗin cewa mai bincike ya zauna wuri ɗaya watanni da yawa, ya koyi harshen, ya shiga harkokin yau da kullum har mutane su daina lura da shi. Barth ya cika sharaɗin harshe, bai cika na zama ba.

A daidai lokacin da waɗannan matafiya ke ratsa Muniyo, wani aiki yana gudana nesa ƙwarai, a bakin teku, a Firitawun ta Saliyo, inda jiragen Ingila ke sauke bayin da aka ƙwato daga masu fataucinsu. Wani Bajamushe ɗan mishan, Sigismund Koelle, ya riƙa kiran waɗannan ƴantattun bayi ɗaya bayan ɗaya yana tambayarsu kalmomi da gajerun jimloli kusan 300, ya tara su cikin harsuna fiye da 100, ya buga a 1854 da sunan Polyglotta Africana. A cikin rukunin harsunan Borno ya ware wa "Muniyo ko Manga" layinsa dabam, kusa da na Nguru da na Kanem. Ke nan tun farkon rubuta maganar mutanen Muniyo da baƙaƙen boko, ba a ƙasarsu aka yi ba, kuma ba daga bakin basarake ba, daga bakin wanda bauta ta raba da gida ne. Abin koyi a wurin Koelle shi ne, bai ɓoye masu ba shi bayani ba. Yakan rubuta sunan mutum, da garin haihuwarsa, da hanyar da aka bi da shi zuwa teku, da shekarun da ya yi rabonsa da gida, da yawan ƴan ƙasarsu da ke Saliyo. Da wannan ne mai karatu ke iya auna nauyin shaida. Ali Aisami Gazirma, wanda ya koya masa Barbarci har ya rubuta nahawunsa, ya iso Saliyo tun 1818. Wanda ya san haka ya san cewa harshen da ke cikin littafin na Borno ne kafin a kafa Kukawa ta yi ƙarfi, ba na shekarar bugawa ba. Yawancin waɗanda suka zo bayan Koelle, har da masu digiri, ba su kai shi wannan ladabi ba.

A cikin ayarin Barth da ya sauka Gure akwai wani yaro Bahaushe, Dorugu, haifaffen Dambanas kusa da Kance, wanda aka kama bawa yana ƙarami, Overweg ya ƴanta shi. Ya bi Barth har Tambutu, ya bi shi Ingila cikin 1855, a can ya zauna da J. F. Schön yana ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga cikin Magana Hausa a 1885. Tafiya ɗaya ce, amma ta ubangida ta cika littattafai biyar, ta bara kuwa tana kallon hanya daga ƙasa: yunwa, gajiya, tsoro, begen uwa da uba. Dorugu ya ƙare rayuwarsa a Kano, ya rasu cikin 1912 yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa.

Tambaya a gaban kumandan

Bayan Koso, Muniyo ta shiga tsaka mai wuya. Sarkin Damagaram Tanimun ɗan Sulaimanu, wanda ya rasu a 1884, ya kai mata yaƙi ya sa ta ƙarƙashin ikonsa, duk da cewa su biyun talakawan Borno ne a suna. Rabe ya ci Kukawa cikin 1893, Faransawa suka kama Damagaram cikin 1899. Da Ingila da Faransa suka daidaita kan iyaka a yarjejeniyar 29 ga Mayu 1906, sai aka tura ayarin Kyaftin Jean Tilho ya kafa alamomin iyaka daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi. A cikin ayarin akwai hafsa tafinta, Moïse Landeroin, masanin Larabci, wanda ya taɓa bin Marchand zuwa Fashoda. Shi aka ɗora wa tattara tarihin ƙasashen da aka ratsa. Abin da ya tara ya fito cikin littafi na biyu na rahoton ayarin a 1911, da babi a kan Muniyo da Damagaram da maƙwabtansu. Shi da Tilho kuma suka buga nahawun Hausa da tatsuniyoyi a 1909, da ƙamus bayansa.

Babu mai raina aikin Landeroin. Ya tarar da tsofaffin da suka ga zamanin Tanimun da idonsu, kuma ba don shi ba da jerin sarakuna da yawa sun ɓace. Har yau duk mai rubutu a kan gabashin Nijar daga wurinsa yake farawa. Amma ya kamata a tuna da halin da aka yi hirar. Mai tambaya yana sanye da kakin soja, ayarinsa na da bindigogi, kuma waɗanda aka kira su amsa sarakuna ne da fadawa da malaman fada. A wannan shekara ta 1906 ne Faransawa suka tuɓe Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi gudun hijira. A wannan zamanin kuma ake yanka ƙasa kanto-kanto, ana naɗa wanda zai tara lanho. To, wanda aka tambaya asalin gidansu a irin wannan rana ya san ba hirar dare ake yi ba. Wanda ya nuna kakansa ne ya fara saran daji, ya kafa hujjar riƙon ƙasa. Wanda ya ce ƙauye kaza bai taɓa bin kowa ba, yana neman kada a haɗa shi da maƙwabci. Ba lalle ne a ce an yi ƙarya ba. An dai zaɓi abin faɗa, an tsallake sarkin da aka tuɓe, an gajarce shekarun kunya, an tsawaita na nasara.

Masanin harshe ɗan Amurka William Labov ya bayyana wannan matsala cikin 1972 a fagen nazarin magana: ana son a ji yadda mutane ke magana in ba a sa musu ido ba, amma ba a iya ji sai an sa musu ido. Abin da ya faɗa game da lafazi ya shafi tarihi ma. Mai tambaya yana cikin amsar da aka ba shi. Ba a iya cire shi, abin da ake iyawa shi ne a rubuta ko shi wane ne, da wanda ya gabatar da shi, da waɗanda ke zaune a wurin, domin mai karatu ya yi nasa lissafi.

Kumandojin da suka riƙe Gure daga baya an wajabta musu rubuta bayanin ƙasar da ke hannunsu, kuma irin waɗannan takardu suna ajiye a gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Yamai. Wasunsu aikin mai himma ne, wasu kuwa kwafi ne daga na wanda ya gabata, shi ma daga Landeroin. Yves Urvoy ya dogara da irin wannan taro a littattafansa na 1936 da 1949. Anan akwai tarko: mai bincike ya ga magana ɗaya a takarda huɗu ya yi murna ya sami shaidu huɗu, alhali shaida ɗaya ce ta haihu. Akwai ma wanda ya fi wannan. Abin da aka buga yana iya komawa baki, ta hanyar ɗan lakwal da ya karanta ya gaya wa kakansa, ko ta rediyo, har wani ya zo bayan shekara hamsin ya ɗauka a kaset yana zaton ya samo tabbaci daga gargajiya. David Henige ya yi dogon bayani a kan wannan cikin 1974. Maganinsa tambaya ɗaya ce wadda malaman hadisi suka daɗe da saninta: daga wa ka ji, shi kuma daga wa ya ji?

Zamanin kaset

Bayan samun mulkin kai a 1960 abubuwa biyu suka sauya aikin. Na farko, na'urar ɗaukar magana ta zama abin ratayawa a kafaɗa, saboda haka maganar tsoho ta daina bi ta kunnen tafinta da hannun kumanda kafin ta tsaya. Ana iya mai da kaset baya a sake ji, wani ma ya zo ya ji ya ƙaryata fassarar. Na biyu, an yarda cewa labarin baka hujja ce ta tarihi, muddin an bi shi da ƙa'ida. Littafin Jan Vansina na 1961 ya tsara yadda ake auna shi: wane irin zance ne, kirari ne ko jerin sarakuna ko labarin ganau, wa ke da hakkin faɗarsa, me yake samu in ya faɗa. Nijar ta sami babban rabo a wannan motsi, da ƙoƙarin Bubu Hama. Hukumar UNESCO ta tara masana a Yamai cikin Satumba 1967, aka kafa cibiyar tattara gargajiyar baka cikin 1968, wadda ta zama CELHTO ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka cikin 1974, Diouldé Laya ya daɗe yana shugabantarta. Tsohuwar cibiyar IFAN ta Yamai, wadda aka buɗe a 1944, ita ce ta rikiɗa ta zama IRSH a cikin jami'a.

Daga wannan gida ne littafin André Salifou a kan Damagaram ta ƙarni na 19 ya fito cikin 1971, sa'an nan na Maikorema Zakari a kan Mangari, daga ƙarni na 16 zuwa na 19, cikin 1985. Na biyun ya fi shafar Gure, domin ya ɗauki ƙasar Manga a matsayin abin nazari don kanta, ba gefen tarihin Borno ko na Damagaram ba, ya haɗa hirarraki da takardun ajiya. Stephen Baier a 1980 da Paul Lovejoy a 1986 sun juya tambayar daga fada zuwa kasuwa: fatake, raƙuma, mangul da manda da kanwa, wa ke dafa gishiri a rani, wa ke karɓar rabo. Da aka sauya tambaya sai aka ga mutanen da ba su cikin jerin sarakuna.

Wata dabara da masu wannan aiki suka ƙware a kai ita ce ta gano shekara. Tsoho ba ya cewa "cikin 1914". Yana cewa shekarar yunwa kaza, ko bayan zuwan Rabe, ko lokacin yaƙin Kawusan. Sai mai bincike ya tsara jerin manyan aukuwa da aka san shekarunsu, kamar faɗuwar Kukawa a 1893, da yunwar 1913 zuwa 1914 wadda Hausawa ke kira Kakalaba, da tashin Kawusan a 1916 da 1917, da farin 1973 da na 1984, ya riƙa rataya labari a jikinsu. Sai dai sunan yunwa yana sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa, kamar yadda Boureima Alpha Gado ya nuna a littafinsa na 1993, saboda haka jerin da aka tsara a Katsina ba ya aiki a Kelle sai an sake shi da bakin mutanen wurin.

Jean-Pierre Olivier de Sardan, wanda ya daɗe yana aiki a yammacin Nijar, yana kuma cikin waɗanda suka kafa cibiyar LASDEL a Yamai cikin 2001, ya tattara waɗannan darussa a wata maƙala ta 1995 da littafi na 2008. A wurinsa bayani yana fitowa ta ƙofa huɗu: zama da kallo, hira, ƙididdige abin da ake iya ƙididdigewa a wurin kamar gonaki ko rumfunan kasuwa, da takardu. Ya nace a kan gwama shaidu, amma ba don a sami magana ɗaya "ta gaskiya" a zubar da saura ba. A nemi masu matsayi dabam-dabam da gangan, domin saɓaninsu shi kansa abin nazari ne. Ya kuma ɗauko ma'aunin da Glaser da Strauss suka kawo a 1967 na sanin lokacin tsayawa: in hira ta goma sha biyar ba ta ƙara kome a kan ta goma sha huɗu ba, rijiyar nan ta ba da abin da ke cikinta, sai a koma wata. Haɗarin da ya fi jan kunne a kai shi ne mai bincike ya faɗa hannun ɓangare ɗaya tun ranar saukarsa, ya zama na gidan da ya sauke shi, sauran gari su rufe baki. Wannan shi ne ainihin abin da ya sami Richardson da Barth da Landeroin a Gure, kuma yana iya samun ɗalibin jami'a da ya iso da takardar izini ya fara da fada, kamar yadda ladabi ya tilasta. Ba a cewa kada a gai da sarki. Amma wanda ya kwana uku a zauren fada ya koma, tarihin zauren ya ɗauko.

Ana iya ganin abin da ake rasawa in an dubi wuraren da aka buɗe wata ƙofa. Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo a ƙasar Zazzau cikin 1949 da 1950, aka buga labarinta a 1954. Ita Baba ma asalin gidansu Barebari ne. Daga bakin mace ɗaya aka ji aure da saki da goyo da bori da zaman rinji yadda babu littafin sarauta da ya taɓa faɗa. Shi ma Olivier de Sardan ya buga labaran jikokin bayi na ƙasar Zabarma da Sanwai cikin 1976. A Muniyo masu irin wannan shaida su ne matan da ke saƙar kaba, da masu dafa gishiri a kwari, da makiyayan da ke sayen kanwa don dabbobinsu, da zuriyar waɗanda aka kamo. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma sai an je inda mai ita yake, kuma hira da mace a cikin gida aiki ne da sau da yawa sai mace.

Saura batun harshe, wanda ya fi shafar masu karanta wannan mujalla. A Gure Hausa harshen kasuwa ce da tasha, kuma dattijo Bamange zai amsa tambaya da Hausa don ya sauƙaƙa wa baƙo. Sauƙin nan yana da tsada. Hausa ta ari sunayen sarauta da yawa daga Borno, irin su galadima da ciroma da yarima da kacalla, har mai ji ya ɗauka ma'anarsu ɗaya ce ko'ina, alhali Galadiman Borno da ke zaune a Nguru yana riƙe da yammacin daula ba aikinsa ɗaya da galadiman wata masarautar Hausa ba. Kalmar "sarki" takan haɗiye mai da lawan da bulama, kowanne da matakinsa. Barbarci yana da kaliya ga bawa namiji, kir ga baiwa, kambe ga ɗa. In an juya su zuwa Hausa, aka sake juyawa zuwa Faransanci, aka sake rarraba su bisa rabon da Nasara ya yi na bawan gida da bawan kasuwa, abin da ya isa takarda ya bi ta rariya uku.

Dokar 31 ga Disamba 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma, Barbarci na cikinsu, kuma kundin da aka zartar cikin Maris 2025 ya ɗaga Hausa ya mai da ita harshen ƙasa. Wannan zai ƙara yawan binciken da ake rubutawa da Hausa, abin farin ciki ne. Amma a ƙasar Manga Hausa tana iya zama sabon tafinta, mai tsayawa tsakanin mai magana da takarda kamar yadda Faransanci ya tsaya. Tsarin da masana harshe suka saba da shi yana rage wannan: layi na farko maganar mutum da Manganci yadda ta fito, da maimaici da gyaran murya da inda ya tsallaka zuwa Hausa; layi na biyu fassarar kalma da kalma; layi na uku fassara mai gudana. A saman shafi kuma a sa abin da Koelle ke sawa, a ƙara da rana, da wuri, da waɗanda suka halarta, da yardar mai magana a kan a ambaci sunansa ko a sakaya. Aikin yana da cin rai, hirar awa ɗaya takan ci yini guda ko fiye wajen rubutawa, kuma tilas mai jin karin Manga ya zauna kusa, domin Barbarcin Yarwa da aka fi rubutawa ba daidai yake da na Bune ko na Gidigir ba.